Fada, Fafaroma da Kashin Tattabaru

Bari in fara da kai, ƙanena, kai da ka gama digiri bara, ka karanta rabin littafin Stephen Hawking a waya, ka dawo gida kana yi wa kakanka kallon tausayi. Ka ce an gama magana. Kimiyya ta gano yadda duniya ta fara, wata babbar fashewa ce aka yi shekara biliyan 13.8 da suka wuce, saboda haka masu rawani su naɗe buzunsu. Na ji ka. Kai kuma, Allah gafarta Malam, da ke gefe kana jan carbi kana murmushi, kada ka yi saurin jin daɗi, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Zan zo kanka. Shi kuwa Alhaji da ke can baya yana cewa duk ƙaryar Turawa ce, wa ya je ya gani, a ba shi kujera ya huta. Nasa mai sauƙi ne.

To, ƙanena, tambaya ɗaya tak. Wa ya fara kawo maganar fashewar nan da kake tutiya da ita? Kada ka taɓa waya, da ka nake son amsa. Shiru? Sunansa Georges Lemaître, mutumin Beljiyam, kuma fada ne, limamin cocin Katolika mai baƙar riga da farin ƙyalle a wuya. Ya yi Yaƙin Duniya na Ɗaya cikin masu harba igwa, aka naɗa shi fada a 1923, ya je Ingila da Amurka ya ƙaro ilimin lissafi da na taurari, ya dawo yana koyarwa a jami'ar Louvain. Sandar da ka ɗauko za ka kori masu addini da ita, mai addini ne ya sassaƙa ta.

Ga yadda aka yi. A 1915 Albert Einstein ya kammala nazarinsa a kan ƙarfin janyowa, inda ya nuna cewa sarari da lokaci ba sandararrun abubuwa ba ne, suna lanƙwasa, suna miƙewa, gwargwadon nauyin abin da ke cikinsu. Da ya gwada lissafin a kan duniya baki ɗaya (in na ce duniya a nan, komai da komai nake nufi, taurari da sararin da suke ciki, ba wannan 'yar ƙasa da muke takawa ba), sai lissafin ya ƙi zama wuri ɗaya. Ko dai duniya tana buɗewa, ko tana tsukewa. Einstein bai so haka ba, domin shi da kusan duk masanan zamaninsa sun ɗauka duniya a tsaye take tun fil azal. Sai a 1917 ya cusa wani adadi cikin lissafin don ya tokare ta. Wani Barashe mai suna Alexander Friedmann ya nuna a 1922 cewa lissafin ya yarda da duniya mai buɗewa, amma ya rasu a 1925 kafin a kula shi sosai. A 1927 fadanmu, ba tare da ya san aikin Friedmann ba, ya isa wuri guda, ya kuma ƙara abin da wancan bai yi ba: ya haɗa lissafin da abin da masu madubin hangen nesa suka auna, cewa garkunan taurari na nesa suna ta ja da baya daga gare mu. A wannan shekarar ya tari Einstein a birnin Brussels ya yi masa bayani. Einstein ya ce lissafin dai babu kuskure, amma fahimtar abin ƙyama ce. Ka ji babban gwani.

Shekara biyu bayan haka, Edwin Hubble, da ke aiki da madubi mai faɗin inci 100 a kan dutsen Wilson a Kalifoniya, ya fitar da awon da ya nuna cewa gwargwadon nisan garken taurari, gwargwadon gudun da yake yi yana nisantar mu. Mataimakinsa Milton Humason, wanda ya yi ta kwana cikin sanyi yana ɗaukar hotunan, da korar alfadarai ya fara aiki a dutsen, sannan ya zama mai shara, kafin a gane idonsa ya fi na masu digiri. Wannan na faɗe shi ne don kai, ƙanena, ka ɗan rage kafaɗa.

A 1931 Lemaître ya ce, to, in komai yana nisantar komai, mu juya tafiyar baya mana. Jiya an fi yau kusa, shekaranjiya an fi jiya, har a kai ga lokacin da komai yake dunƙule wuri ɗaya. Kada ka sawwala bam ya tashi a tsakiyar fili, ɓaraguzai suna watsuwa. Babu filin ma tukuna. Ka dubi ƙullun funkaso da aka barbaɗa wa riɗi a ciki aka ajiye ya tashi: babu ƙwayar riɗin da ke tafiya da ƙafarta, ƙullun ne ke kumbura, kowace ƙwaya kuma tana ganin sauran suna nisantarta, ta nesa ta fi ta kusa sauri. Sararin ne da kansa yake miƙewa.

Yanzu ka cinka su wa suka fi ƙin wannan magana. Ba malaman addini ba. Arthur Eddington, babban masanin taurarin Ingila wanda ya koyar da Lemaître, ya ce a falsafance tunanin wai duniya tana da mafari abin ƙi ne a wurinsa, kuma shi mai ibada ne, ɗan ɗariƙar Kiristocin nan da ake kira Kweka. A Tarayyar Sobiyet ta zamanin Stalin, inda rashin addini yake matsayin aƙidar gwamnati, masu tsaron aƙida sun ɗauki maganar a matsayin tatsuniyar limaman coci da aka yi wa ado da lissafi. A Ingila kuma Fred Hoyle, wanda bai ɓoye rashin imaninsa ba, ya haɗu da Hermann Bondi da Thomas Gold a 1948 suka kawo kishiya: duniya tana buɗewa, gaskiya ne, amma ba ta da farko ba ta da ƙarshe, kullum kamanninta ɗaya. To, in tana buɗewa tun fil azal, me ya hana ta zama wayam? Suka ce ai sabon abu yana ɓullowa kaɗan-kaɗan a sarari yana cike gurbin. Daga ina? Daga babu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago: don a kauce wa halitta sau ɗaya, aka yarda da halitta kullum. Hoyle ɗin nan ne ma, a wani shirin rediyon BBC a 1949, ya laƙaba wa ra'ayin abokan hamayyarsa sunan babbar fashewa, sunan ya bi shi har yau.

Ka ga ke nan, ƙanena, da a 1950 aka haife ka da wannan ra'ayi naka, da kai ne kan gaba wajen cewa fashewar nan wa'azi ce aka saka wa rigar boko. Yau kuma ita ce hujjarka. Ban ce ka yi laifi ba. Na dai ce ka san tarihin makaminka.

A yi wa Hoyle adalci, yana da abin kamawa. Awon farko na Hubble ya ba duniya shekara wajen biliyan 2, alhali masu nazarin duwatsu sun riga sun nuna ƙasar nan tamu ta kai haka ko ta fi. Ɗa ya girmi ubansa. Sai a 1952 Walter Baade ya gano an rikita taurari iri biyu wajen auna nisa, aka gyara, shekarun suka ninka, aka ci gaba da gyara har aka iso inda ake yau.

Alhaji, ranka ya daɗe, an zo kanka. Ka ce wa ya je ya gani. Ai kai ma kana gani, ba ka dai sani ba ne. Hasken rana minti 8 da 'yan kai yake yi kafin ya iso ka, don haka ranar da kake gani ta ɗazu ce. In ka fita bayan gari a daren da babu wata, lokacin kaka, akwai wani ɗan dusu-dusu a sama da ido ke iya kamawa, garken taurarin Andromeda, wanda haskensa ya baro gida shekara miliyan 2.5 da suka wuce. Duban nesa duban baya ne. Wanda ya hango mafi nisa, ya hango mafi daɗewa.

A 1964 wasu ma'aikatan kamfanin Bell su biyu, Arno Penzias da Robert Wilson, suna gyara wata ƙatuwar eriya mai siffar ƙaho a Holmdel, jihar New Jersey. Ba asalin duniya suka fita nema ba, so suke su kawar da duk wata hayaniya daga na'urarsu. Amma wani shuuu ya ƙi tafiya. Suka juya eriyar gabas, yana nan, suka juya yamma, yana nan, dare da rana, rani da damina. Suka zargi birnin New York, ba shi ba ne. Sai suka leƙa cikin ƙahon suka tarar tattabaru biyu sun yi sheƙa, sun shafe ciki da kashi. Suka ce alhamdu lillahi, ga ɓarawon. Aka kama tattabarun aka aika da su wani gari, suka dawo, don tattabara ba ta manta gida. Daga ƙarshe bindiga ce ta raba gardama. Aka kankare kashin tas. Shuuu yana nan daram. Ashe a jami'ar Princeton, tafiyar ƙasa da awa guda, Robert Dicke da yaransa suna harhaɗa na'urar neman wannan shuuu ɗin takamaimai, domin lissafi ya nuna in duniya ta taɓa zama dunƙulalliya mai tsananin zafi, dole a sami ragowar zafin ko'ina a sama. Tun 1948 Ralph Alpher da Robert Herman suka yi hasashen haka, aka manta da su. Aka buga sakamakon a 1965, Penzias da Wilson suka karɓi kyautar Nobel a 1978, tattabaru kuwa ko ta'aziyya.

Wannan haske ya taso ne lokacin da duniya take da shekara wajen 380,000, ya yi ta hucewa a hanya har ya koma digiri 2.7 kacal sama da ƙarshen sanyi, wato wajen digiri 270 ƙasa da daskarewar ruwa. Tsohuwar talabijin ɗinka mai eriya, Alhaji, in tasha ta rufe ta bar ka da yayyafi a fuska, ɗan kaɗan daga yayyafin nan shi ne. Ka sha kallonsa kana jiran a dawo da wasan kwaikwayo. Ga kuma shaida ta biyu: lissafi ya ce a mintocin farko wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin abin da ke akwai zai zama iskar hiliyam, aka auna taurari aka sami haka. Shi Lemaître yana kwance ba lafiya aka kai masa labarin shuuu, ya rasu a watan Yunin 1966.

Na ga ƙanena ya miƙe yana gyara wuyan riga. Zauna tukuna. Abin da aka tabbatar shi ne duniya ta taɓa zama ƙanƙanuwa mai zafi, ta buɗe, ta huce. Wannan ba ƙaramin sani ba ne, kuma duk mai musunsa gardama kawai yake so. Amma in ka ci gaba da komawa baya, akwai inda lissafin Einstein yake cijewa, ya fara ba da amsar da ba ta da ma'ana. A can, cikin wani ɗan tsagin daƙiƙa da sai ka rubuta sifili 42 bayan ɗigo kafin ka sa lamba, ana bukatar a aurar da nazarin Einstein da nazarin kwantam, mai kula da ƙananan abubuwa, kuma yau kusan shekara ɗari ana kai kayan gaisuwa ba a ɗaura auren ba. Saboda haka ko lokaci ya fara a nan ne, ko akwai wani abu kafin nan, kimiyya ba ta yanke ba. Hawking da James Hartle sun kawo shawara a 1983 cewa lokaci ba shi da baki ta can baya. Roger Penrose, abokin aikin Hawking, yana ganin duniyoyi ne ke bin juna, ƙarshen wata mafarin wata. Wasu suna cewa wata duniya ce ta tsuke sannan ta sake buɗewa. Duk masu kai ne, kuma babu wanda awo ya ba gaskiya tukuna. Ko abin da ke gabanmu ma, duk taurari da duwatsu da ni da kai kashi 5 ne cikin ɗari na abin da ke akwai. Sauran kashi 95 an raɗa musu suna, an auna aikinsu, amma ba a san ko mene ne su ba. Gudun buɗewar kansa, masu auna shi ta tsohon hasken nan suna samun wajen 67, masu auna shi ta taurari suna samun wajen 73, kowa kuma ya rantse awonsa daidai ne. Wannan ba abin kunya ba ne, haka sana'ar take. Abin kunya shi ne mai kashi 5 ya ce an gama magana.

Za ka ce ai Hawking ya rubuta a littafinsa na 2010 cewa tunda akwai doka irin ta janyowa, duniya za ta iya samar da kanta daga babu, har ya ce falsafa ta mutu. Ya rubuta. Lawrence Krauss ma ya fitar da littafi sukutum a 2012 a kan haka. Amma ka sake duba jimlar a hankali: tunda akwai doka. Babun da ke da doka a aljihu, da filayen kwantam, da ikon haihuwa, ai ya fi wasu masu akwai arziki. David Albert, wanda shi ma ya yi digirin digirgir a fiziks kafin ya koma falsafa, kuma ba wa'azi yake yi ba, ya tambayi Krauss a jaridar New York Times daga ina su dokokin suka fito. Tambayar da Leibniz ya yi a 1714 ke nan, me ya sa akwai wani abu maimakon babu komai, kuma tana nan inda ya bar ta. Kana da ikon cewa tambayar ba ta da amsa, ko ka ce duniya haka kawai take, kamar yadda Bertrand Russell ya ce a muhawararsa da wani fada a rediyo a 1948. Sai dai ka sani lokacin da ka faɗi haka ka fita daga ɗakin gwaji, ka shiga zauren falsafar da aka ce ta mutu, ka zauna a tabarmarta.

Allah gafarta Malam, na ga carbin ya ƙara sauri. Ka ji daɗi ko? Har ka fara shirya huɗubar Juma'a: Turawa da kansu sun tabbatar duniya fararriya ce, abin da muke faɗa tun tuni. Kafin ka hau mumbari, ga labarin wani da ya riga ka hawa. Ranar 22 ga Nuwamba 1951, Fafaroma Pius na 12 ya yi jawabi gaban majalisar masana kimiyya ta fadarsa, ya nuna cewa kimiyyar zamani ta kai ga shaida lokacin da aka yi halitta, don haka ta shaida Mahalicci. Ka san wanda abin ya fi ɓata wa rai? Lemaître. Fada ne, ɗan majalisar ne, nazarin kuma nasa ne, amma ya bi ta hannun na kusa da Fafaroma ya roƙa a daina haɗa biyun. Da Fafaroma ya sake yi wa masana taurari jawabi a 1952, bai maimaita ba. Dalilin fadan a fili yake. A lokacin ba a kayar da Hoyle ba, in aka ɗaura imani a kan nazarin da awo zai iya rushewa gobe, ranar da ya rushe da me za a tsaya? Kuma a ganinsa mafarin da lissafi ke magana a kai daban, halittar da addini ke nufi daban. Na farko tambaya ce ta yaushe da yaya. Na biyu tambaya ce ta wa ke riƙe da samuwar abin, ko jiya ya fara ko bai taɓa farawa ba.

Kada ka ce wannan rigimar Nasara ce. Tamu ta girme ta da shekaru ɗaruruwa. A zaurukan ƙasar Hausa an daɗe ana karanta Ummul Barahina ta Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, kuma duk almajirin da ya yi tauhidi ya san hujjar: jiki ba ya rabuwa da motsi ko tsayuwa, su kuwa fararru ne tunda ana ganin suna sauyawa, abin da ba ya rabuwa da fararre shi ma fararre ne, fararre kuma sai da mai farar da shi. Malamanmu ba su jira madubin Hubble ba. Amma ka san ba duk manya suka bi ta wannan hanya ba. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, yana ganin duniya ba ta da farko a lokaci, tare da haka ya kafa hujjarsa ta samuwar Allah a kan cewa duk abin da zai yiwu ya samu kuma zai yiwu ya rasa samuwa, dole ya jingina ga wanda samuwarsa wajibi ce. Imam Gazali ya yi masa raddi mai zafi a Tahafutul Falasifa wajen 1095, ya jera mas'aloli 20, ya ce uku daga ciki kafirci ne, ta farkonsu ita ce daɗewar duniya. Sai wani alƙalin Kurɗuba, wanda aka haifa shekara 15 bayan rasuwar Gazali, ya mayar masa da martani sakin layi bayan sakin layi. Sunansa Ibn Rushd. E, shi dai, Bamalike ɗan'uwanka, mai Bidayatul Mujtahid ɗin da ke cikin kabad ɗinka. In kuwa kai ɗan ɗaya ɓangaren ne, mai cewa a bar ilimin kalam a koma ga magabata, to Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya soki hujjar nan ta motsi da tsayuwa, yana ganin kowane abin halitta fararre ne, amma Allah bai gushe ba yana halitta, don haka ba dole jerin halittu ya zama yana da na farko ba. A wajen Kiristoci ma Thomas Aquinas cewa ya yi hankali kaɗai ba zai iya tabbatar da duniya tana da farko ba, ta wahayi aka sani. Duk waɗannan sun yi imani da Mahalicci, sun kuma saɓa a kan agogo. Da Penrose zai yi gaskiya gobe, Ibn Sina ko gezau. Mai huɗubar ne zai rasa inda zai sa kansa.

Gazalin nan da kake ji da shi, ya riga ya ja maka kunne. A gabatarwar littafin nasa ya kawo misalin husufi. Masana taurari sun ce wata yana yin duhu ne idan ƙasa ta shiga tsakaninsa da rana, suna kuma iya faɗin ranar da sa'ar tun kafin ta zo. Ya ce wanda ya ƙaryata su da sunan kare addini ya cuci addini, domin mai lissafin ba zai yi shakkar lissafinsa ba, addinin zai yi wa shakka, kuma ɓarnar mai kare addini ta hanyar da ba ta dace ba ta fi ta mai sukarsa. Waɗanda suka ga rana ta yi duhu da safe a Gusau da Katsina ranar 29 ga Maris 2006 sun san an sanar da lokacin tun kafin ranar, kuma sanarwar ba ta hana kowa yin sallar kisfewa ba. Wannan gargaɗi yana da fuska ta biyu da Gazali bai rayu ya gani ba. Tun da likitan nan Bafaranshe Maurice Bucaille ya fitar da littafinsa a 1976, aka sami masu jiran Turawa su gano abu da safe, su kuma su gano shi cikin aya da yamma. Ban hana kowa tadabburi ba, Malam, ni wa? Amma ina da 'yar tambaya. Me ya sa kullum sai bayan an sanar? In yana ciki a sarari haka, a taimaka wa bayin Allah nan da ke faɗa tsakanin 67 da 73, a faɗa musu tun yanzu, a huta da kashe kuɗin tauraron ɗan'adam.

Akwai kuma tarkon da ya kama wanda ya fi mu duka kai. Isaac Newton, da ya ga lissafinsa ya nuna duniyoyin da ke kewaya rana suna jan juna, ya ji tsoron tsarin zai lalace a hankali, sai ya ce Allah yana sa hannu lokaci-lokaci yana gyarawa. Leibniz ya yi masa dariya a 1715, ya ce wannan ai rage wa Mahalicci daraja ne, a ce aikinsa sai da gyara. Wajen 1785 Laplace ya nuna cewa tangaɗin da ake gani a tafiyar Mushtari da Zuhalu yana gyara kansa da kansa cikin shekara wajen 900. Gurbin da Newton ya ajiye wa Ubangiji ya cike da lissafi. Duk wanda ya ce ga inda kimiyya ta gaza, to nan ne Allah yake, ya ba ƙanena wuƙa da nama, don gurbin kullum raguwa yake. Mu kuwa a tauhidin da aka karantar da mu, ba a ce Allah yana aiki a inda ba a gane ba kaɗai. Wanda aka gane ɗin ma aikinsa ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi fama da wasu masu ilimin kalam na zamaninsa da ke kafirta talakawa don ba su iya jero hujjoji ba, ya ce imanin talaka ingantacce ne. In tsohuwa ba ta bukaci hujjar motsi da tsayuwa ba, ban ga ranar da za ta bukaci awon tauraron ɗan'adam ba.

Na san yanzu ku biyun kun haɗe mini kai, kowa yana cewa to kai ina ka dosa. Ni mai salla ne, kuma na yarda da shekara biliyan 13.8 har zuwa ranar da aka kawo awon da ya fi shi. Ban ga inda ɗaya ya ci wa ɗaya tuwo ba. Amma tunda kun fi son a raba muku gado, ga Fred Hoyle nan, ku raba.

A 1953 Hoyle yana neman yadda taurari ke ƙera sinadarin kabon, wanda babu rai in babu shi. Lissafi ya nuna abin ba zai yiwu da yawa ba sai in ƙwayar kabon tana da wani matakin ƙarfi na musamman, wajen 7.65 a ma'aunin masu wannan sana'a. Ya je Kalifoniya ya matsa wa William Fowler da mutanensa su duba. Suka duba, suka same shi kusan daidai inda ya ce. Abin ya girgiza shi, har daga baya ya rubuta cewa in aka bi hankali, sai a ce wani mai basira ta gaban misali ya taɓa dokokin fiziks da hannunsa. Malam, ga naka, na ga har ka miƙo hannu. Sai dai mutumin bai shiga masallaci ba, bai shiga coci ba, kuma har ya rasu a 2001 bai yarda duniya tana da mafari ba. Ƙanena, ga naka kai ma. Amma duk wanda ya ɗauka, da sauran kayan zai haɗa, don ba a sayar da shi ɓare-ɓare: Hoyle ya kuma yi imani cewa daga sararin samaniya rai ya sauko, cewa annobar mura ma daga can take zubo mana, kuma a 1985 ya dage cewa shahararren kwarangwal ɗin tsohon tsuntsun nan da ke gidan tarihi na Landan jabu ne, har sai da masu gidan suka fito da shi aka bincika aka nuna masa ba haka ba ne. Wa zai fara ɗauka? Alhaji, kai da ka ce duk ƙarya ce, ina ganin da kai za ku fi shiryawa.